Takardar Muddassir Ta Tsufa

Shekara huɗu Basira na ajiye da takardar nan cikin leda, ledar cikin kwano, kwanon ƙarƙashin gado, ko ɓera bai taɓa shinshinarta ba. Sai ga shi ranar wata Litinin, saura mako uku a buɗe lakwal, wato makaranta, Mushe Lamine ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce wai ta tsufa.

"Ta tsufa?" in ji Basira. "Nono ce da za ta yi tsami? Dubi hatimin nan, Mushe, ko gefensa bai goge ba."

Mushe Lamine shi ne diraktan lakwal ɗin unguwarsu a Tasawa, mutum mai irin haƙurin nan da ke ƙara wa mai fushi fushi. Ya juyo mata da wata sabuwar takardar cikewa, ya bi layukanta da bakin biro. Masu furoje, wato ƙungiyar da ke ɗauke da nauyin ƙaramin ajin Madam Zulfa na yara masu larura, su suka aiko da ita. Kowane yaro sai an rubuta sunan larurarsa, kuma sunan sai ya kasance cikin jerin da suka bayar. Abin da tsohon likita ya rubuta wa Muddassir, wasu haruffa uku na Faransanci da jela a bayansu, ba ya cikin jerin.

"An canza littafin likitoci, Hajiya. Wannan sunan an soke shi. Ko dai a rubuta mai otisim a sabon ma'auni, ko kuwa ya koma babban aji."

Babban aji! Basira ta san abin da ke can. Muddassir ɗan ƙanenta Jaji ne, shekararsa tara, ita ke riƙonsa tun yana ɗan shekara huɗu. Ya taɓa zama babban ajin nan wata biyar, yara ɗari da ɗoriya cikin ɗaki guda. Mushen ajin, wato malaminsu, yana kiransa ba ya amsawa, yana masa magana ba ya kallonsa, sai ya ɗauka raini ne. Kullum bulala. Daga baya yaron ya daina magana gaba ɗaya, da safe sai an ɓanɓare yatsunsa daga ƙofar gida. Ajin Madam Zulfa kuwa yara tara ne, a nan ya koyi karatu, a nan bakinsa ya sake buɗewa. Yanzu kujerar nan ce wasu mutane da ba su taɓa ganinsa ba suka ce sai an sake aunawa.

"Yaro ɗaya suna biyu, ko rago ba a yanka ba," in ji ta. Ta naɗe takardarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Likitar da ke duba irin waɗannan yara, Dokta Zara'u, daga Maraɗi take zuwa, ranar Alhamis, duk mako biyu. Ranar da za su je, Basira ta wanke yaron tas, ta sa masa rigar sallah, ta kama kunnensa a soro.

"Ka gaida mutane. Ka dubi fuskar likita. Hannun nan kuma, in na ga ya motsa, ni da kai ne."

Ai Basira ba ta zauna banza ba shekarun nan. Lokacin da aka kawo mata shi daga ruga, in abu ya yi masa daɗi ko ya dame shi, sai ya hau kaɗa hannuwa kamar ɗan tsako ya faɗa ruwa. A bakin tasha take sayar da fura da nono, gaban jama'a, kowa ya zo sai ya tsaya kallo. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ludayi biyu uku a bayan hannu, cikin wata shida ya daina. Tana alfahari da wannan fiye da yadda take alfahari da furarta.

Dokta Zara'u ƴar siririyar mace ce mai tabarau, ba ta gaggawa. Ta yi wasa da yaron, ta yi masa tambayoyi. Ya gaida ta daidai yadda aka koya masa, ya kalli goshinta daƙiƙa biyu ya janye ido. Da ta tambaye shi abokinsa wane ne, sai ya ba ta lambar motar da ta kawo ta daga Maraɗi, ya ɗora da ta motocin Mayahi shida, da ranar da kowace ke shigowa tasha. Hannuwansa suna kan gwiwa, ko motsi.

Likita ta aje biro. "Bari in yi miki bayani da tiya, kwanon awo, tunda ke ƴar kasuwa ce. Tsohon littafi yana da rabin tiya. Yaron da ya yi kama da masu otisim amma bai cika ba, akwai sunan da ake ba shi, shi ne na takardarki. Sabon littafi ya zubar da rabin tiya. Gefe biyu yake dubawa. Na farko, sha'ani da mutane, wannan kam na gani da idona. Na biyu, maimaita abu: motsin jiki iri ɗaya, ƙin a canza masa tsari, maƙale wa abu guda, ko wani sauti ko taɓi ya dame shi fiye da kima. A nan alama biyu nake nema. Lambobin mota ɗaya ke nan."

"To ki rubuta biyu mana. Lambobin ai sun fi ɗari."

Likita ta yi dariya, Basira ba ta yi ba.

"Yana kaɗa hannu, ko jujjuyawa?"

"Da can ya ɗan taɓa, irin na ƙuruciya. Na hana shi, ya daina. Yarona ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce ba. Na ga an rubuta a nan ya yi sanƙarau kafin a kawo miki shi. Yaya yake kafin ciwon?"

Wannan kam Basira ba ta sani ba. Ita bayan ciwon ta karɓe shi. Likita ta ce wannan ita ce babbar tambayar. In tun yana jariri haka yake, magana ɗaya ce. In kuwa ciwon ne ya bar shi haka, wani suna ne daban, kuma ba lalle ya shiga jerin masu furoje ba. Tsohon likita bai matsa a kan wannan ba, don rabin tiya ya ishe shi ya sa hannu. Ita ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba.

"Kuma kar ki ɗauka sabon littafin mugu ne," in ji ta. "Akwai yarinyar da aka yi shekaru ana korar iyayenta don tana magana tiryan-tiryan, bana ta samu shiga. Wasu ya buɗe musu, wasu ya tsuke musu. Kawo mini uwarsa nan da mako biyu."

Uwarsa! Basira ta fito tana magana ita kaɗai har masu jiran layi suna waiwaye. Da likita ta ce a kawo mata nonon zaki, da ya fi sauƙi. Muddassir ɗan fari ne, uwarsa Fadimatu kuwa Bafulatanar ruga ce ta gidi, kunyarta har ta yi yawa ko a cikin Fulani. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Duk hutun damina ana kai mata shi, ta dube shi kamar ɗan maƙwabta ya zo aron wuta. Basira ta san al'adar, ita ma ta yi wa tata ɗiyar ta fari, amma ta yi da sauƙi, ta gari. To wannan matar ce za a zaunar gaban baƙuwa a ce ta ba da labarin yaron tun daga goyo?

Haka nan ta bar wa maƙwabciya yaron, ta rufe kwanon fura, ta hau motar kasuwa zuwa Alasan Mairairai. Motar ta kafe cikin yashi sau biyu, sau biyun kuma har da ita a turi. Daga can ta hau amalanken jaki, ta ratsa gonakin gero da suka yi kai, ta isa ruga da la'asar ƙugunta kamar ba nata ba. Jaji yana arewa da shanu, sai bayan girbi. Fadimatu ta tare ta da ruwa da kindirmo, ta durƙusa.

"Sannu da hanya, Adda. Ina gajiya? Ya ƙafar taki? Ya ruwa a Tasawa, an samu?"

Ta tambayi ƙafa, ta tambayi ruwa, ta tambayi maƙwabciyar Basira da ta gani sau ɗaya shekara shida da suka wuce. Yaron da ta haifa kuwa, ko da kuskure. Basira ta zayyana mata komai, ajin, bulalar, sabon littafin. Fadimatu tana ta kaɗa nono cikin gora, idonta a ƙasa.

"Ai ɗanki ne, Adda. Abin da kika faɗa shi ke nan."

"In da abin da na faɗa ya isa, mi zai kawo ni nan in karya baya? Ki shirya, Laraba za mu tahi."

Alhamis ta zo, saura kwana huɗu a buɗe lakwal. Suka shiga ofishin likita su uku. Muddassir ya zauna can gefe, Fadimatu ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa, ta juya masa baya kaɗan, ta ja mayafi har goshi.

"Ke ce mahaifiyarsa?" in ji Dokta Zara'u.

Fadimatu ta kau da kai. Basira ta ce, "Ita ce."

"Yana jariri, in kin kira sunansa yana juyowa?"

Wayyo. Basira ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi birgima. Dubi tambayar da masu littafi suka zauna suka tsara, a yi wa matar da ko a mafarki ba ta taɓa furta sunan ba! Fadimatu ta ƙara sunkuyar da kai, tana zana ƙasa da yatsa.

"Yana kallon fuskarki in yana shan nono?"

"Ban kula ba."

"Wata nawa ya fara magana?"

"Allah ne masani."

"Kafin ciwon nan, kin ga wani abu da ya bambanta shi da sauran yara?"

"Lafiya lau yake."

Likita ta rubuta wani abu. Ganin biron nan yana tafiya ne ya kwance wa Basira kai.

"Lafiya lau? Lafiya lau kika ce? Fadimatu, kin san abin da kika yi kuwa? Yanzun nan kika ɗauki yaron nan kika miƙa wa mai bulala! Na bar sana'ata, na tura mota cikin yashi da tsufana, don ki zo ki ce ba ki kula ba? Kunya! Kunyar nan za ki dafa masa ya ci? Ita za ta koya masa karatu? Buɗe baki ki yi magana, ko kurma ce ke?"

Duk ihun nan, Fadimatu ƙara naɗewa take yi. Dokta Zara'u ta cire tabarau ta dubi ɗaya, ta dubi ɗaya.

"Hajiya, mi kike gare ta?"

"Yayar mijinta ce ni."

"Af. To ai laifina ne da ban tambaya ba tun farko. Ki ɗauki yaron ku ba mu wuri."

"Ni? Ni da na yi shekara biyar ina wanke masa kashi da fitsari, ni za a kora?"

"Ke ɗin dai. Ina uwa ke maganar ɗan fari gaban dangin miji? Kin fi ni sani."

Ta fi ta sani kuwa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta yi kwana goma sha huɗu tana neman abin da zai toshe bakin Fadimatu don ta kawar da shi, ashe ita ce. Ta ja hannun yaron suka fita, ta zaunar da shi a bencin baranda, ta ce kar ya motsa. Ita kuwa zama ya gagare ta. Ta zagaya bayan ginin kamar mai neman wurin alwala, ta tsaya jikin tagar ofishin, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. In an kore ta ta ƙofa, ai ba a ce komai game da taga ba.

Da farko ba ta ji komai ba. Can sai wata murya ta taso, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa, har sai da Basira ta leƙa don ta tabbatar Fadimatu ce.

"Tun yana wata biyar na sani. In ina ba shi nono ba ya dubana, hasken da ke shigowa ta zanar bukka yake kallo. Na sha kai fuskata saitin hasken ko zai gan ni, sai ya kauce. Ya shekara biyu da wata huɗu kafin ya ce komai, kuma abin da ya fara faɗa sunan wata saniya ce. Kashin awaki yake jerawa, daga ƙofar bukka har turken maruƙa, in iska ta ture guda sai ya yi kuka har ya shiɗe. Nakan tashi kafin kowa in gyara masa layin. In ana daka yana toshe kunne, shi ya sa na mai da turmina bayan rumbu, mutane suka ce ƙyuya ce ta sa nake ɓuya. Duk wannan kafin ciwon ne, likita. Ciwon ya zo da bazara, yana shekara uku da rabi, ya kwana goma sha ɗaya. Yadda ya same shi haka ya bar shi."

Basira ta dafa bango. Wata biyar. Wata huɗu. Kwana goma sha ɗaya. Matar da ta ce ba ta kula ba.

"Kaɗa hannu fa?" in ji likita. "An ce mini ya daina."

"Bai daina ba."

Fadimatu ta ci gaba.

"In an kawo shi hutu, ranar farko ko ruwa ba ya sha, bayan garken maruƙa yake nufa. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, har sai ya gaji ya zauna yana haki. Ni kuma in ɗauki faifai in tsaya daga nesa kamar ina sheƙe, in na hango mutum in yi tari. Bayan nan sai ya ci abinci, ya yi barci. Don Allah kar ki gaya wa Adda. Ta wahala a kansa, abin da ban iya yi masa ba ita ta yi. Za ta ji ciwo."

Ciwo kam ta ji. Tana tsaye a wurin sai makewayin gidanta ya faɗo mata a rai. Yaron yakan shiga ya daɗe, ya daɗe, har ta buga ƙofar langalanga tana masifa. Sau uku tana ɗura masa maganin tsutsa, sau ɗaya jiƙon sabara, ya sha yana hawaye bai ce uffan ba. Ashe cikinsa ƙalau. Wuri ɗaya ke nan a gidan da idonta ba ya kaiwa.

Ba ta ji sauran maganar ba. Ta dawo baranda daidai lokacin da aka buɗe ƙofa. Fadimatu ta fito idonta ja, ta wuce ta gaban ɗanta ko kallo, ta je can ƙarshen baranda ta tsuguna tana gyara ɗaurin ƙunshinta. Dokta Zara'u ta miƙo wa Basira takarda, hatimin bai gama bushewa ba.

"Ya cika, har da ɗori. Ki kai wa dirakta gobe, kujerarsa tana nan. Akwai maganar da nake so mu yi, ni da ke, zuwa na gaba."

"Na san maganar," in ji Basira.

Ta riƙe takardar da ta yi mako uku tana faɗa a kanta, ta rasa inda murnar ta shiga. Ta juya wajen yaron. Wata babbar mota ce ta shigo farfajiyar asibitin da kayan magani, lambarta ta wata ƙasa ce, irin da bai taɓa gani ba. Ya miƙe zaune, bakinsa yana karanta lambar, kafaɗunsa suna rawa, hannuwan sun fara tashi daga gwiwa. Sai ya ga inuwarta. Nan take ya cusa su ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

Basira ta durƙusa gabansa, da ciwon ƙafar da komai.

"Muddassir. Saki hannunka. Kaɗa abinka."

Bai dubi fuskarta ba. Hannunta na dama ya duba, ya ga takarda ce kawai a ciki, ya duba na hagu.

"Na daina, Goggo."

"Na ce ka yi. Ba abin da zan yi maka, wallahi."

"Na daina, Goggo," ya sake cewa, da irin muryar da ta koya masa gaisuwa da ita. Ya ƙara danne su da dukkan nauyinsa.